Kwamfuta a ajin SIL da CP: hannun wa ya kamata ta fara shiga?

Tun shekarar 2018, da ma'aikatar ilimin firamare ta Kamaru, wato MINEDUB, ta fito da sabon tsarin karatu, ilimin na'ura ya zama ɗaya daga cikin fannoni biyar da aka ce kowane yaro ya taɓa, daga ajin SIL (aji ɗaya na firamare) har CM2 (aji shida). A takarda magana ta ƙare. A cikin aji kuwa, daga Ngawundare har Kuseri, abin da aka fi gani shi ne malami ya zana kwamfuta da alli a jikin allo, ya ja kibiya zuwa kowane sashe nata, yara su yi ta maimaita sunayen da Faransanci, ranar jarrabawa su rubuta su ci maki. Da yawansu za su karɓi takardar CEP ta kammala firamare ba su taɓa ɗora yatsa a kan linzamin kwamfuta ba. Makarantun kuɗi su kuma sun gane cewa maganar tana jan iyaye, shi ya sa da wuya ka ga allon tallarsu babu alkawarin ɗakin kwamfuta.

Idan batun ya zo gaban taron APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, nan take ake rabuwa biyu. Za ka ji wani matashin uba yana cewa duniya ta wuce mu, 'ya'yan Yawunde da Duwala sun yi nisa. Wani dattijo kuma ya miƙe ya ce, "Malam darakta, yaron da ba shi da bencin zama, a ina zai ajiye kwamfutar?" Kowannensu yana da gaskiya, sai dai ba magana ɗaya suke yi ba. Koya wa yaro kwamfuta daban, amfani da kwamfuta wajen koya masa karatu da lissafi daban. Na farko zai iya jira har CE2 ko CM1 (aji huɗu ko biyar), ba abin da yaron zai rasa. Na biyun ne abin dubawa, domin shekara biyun farko, wato SIL da CP, su ne inda karatu yake kamawa ko ya kuɓuce.

A duba yaron da ake magana a kansa. Shekararsa shida, daga Hausare ko Yelwa a Garwa, ko daga wata unguwa a Marwa. A gida Hausa yake ji, a titi da kasuwa Fulatanci, da asuba ko da yamma yana makarantar allo yana bin baƙaƙen Larabci daga dama zuwa hagu. Ranar da ya shiga SIL sai a tarbe shi da Faransanci, harshen da watakila bai taɓa haɗa jimla ɗaya da shi ba, a rubutun da ke tafiya daga hagu zuwa dama. Sau da yawa malamar da aka turo daga kudu ba ta jin ko ɗaya daga cikin harsunan nasa. Ajin kuma ba abin mamaki ba ne a same shi da yara fiye da ɗari, wasu a benci, wasu a tabarma, littafin karatu ɗaya yara da dama suna leƙe. Ba a banza aka sa jihohin Arewa Mai Nisa da Arewa da Adamawa, tare da Gabas, cikin yankunan da gwamnati ta ce ilimi na bukatar kulawa ta musamman ba. A lissafin Bankin Duniya na 2022, kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara suna kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. To, ma'aunin kowace na'ura a wannan aji ɗaya ne: shin tana sa yaro ya haɗa baƙi da wasali ya karanta, ya kuma gane abin da ya karanta?

An riga an gwada raba wa yara kwamfuta, kuma an ga abin da ya fito. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa, 'yar koriya mai fari da ake kira XO, wadda aka yi ta tallarta da cewa dala ɗari ce. Ƙasar Peru ta sayi fiye da 800,000. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi makarantun karkara 319, rahotonsu na 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ɗara na waɗanda ba a ba su ba. Kamaru ma ta ɗanɗana irin wannan, lokacin da aka kai kwamfutocin XO wasu makarantun gwaji ƙarƙashin shirin PAQUEB da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci. Kuma kowa ya tuna da kwamfutoci 500,000 da aka sanar a 2016 za a raba wa ɗaliban jami'a. Raba na'ura abu ne mai sauƙin ɗauka a hoto, shi ya sa masu mulki da masu ba da tallafi ke sonsa.

Amma akwai wani gwajin da ya ba da sakamako dabam, kuma ya fi kama da halinmu. A yankin Tanga na Tanzaniya, an ba yara kusan 2,700 a ƙauyuka 170 kwamfutocin hannu na tsawon wata 15, a gasar XPRIZE da aka kammala a 2019. Yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Suwahili. Da aka gama, adadin waɗanda ba sa iyawa ya ragu da rabi. Manhajoji biyu ne suka raba kyautar, Kitkit School da ta ƙungiyar onebillion. Me ya bambanta wannan da Peru? Manhajar tana yi wa yaro magana da Suwahili, harshen da yake ji kullum. Tana ɗaukarsa daki-daki, daga sauti zuwa harafi zuwa gaɓa zuwa kalma, idan ya yi kuskure ta nuna masa nan take. An kafa wurin caji na hasken rana a kowane ƙauye, an kuma ɗora wa wata mata a ƙauyen alhakin kula da na'urorin. Cire ɗaya daga cikin waɗannan, ka koma labarin Peru. Kuma abu na farko, wato harshe, shi ne babban giɓin da ke gabanmu, don manhajojin da suka kai wannan inganci da Fulatanci ko Hausar da yaran nan ke ji ba su da yawa.

Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi shi ma bai yi wa kowa daɗin baki ba: ya ce ƙwararan hujjojin da ke nuna amfanin na'ura a aji kaɗan ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake yawo da su daga bakin masu sayar da kayan suka fito. A shekarar ce Suwidin, ƙasar da ba ta san ɗauke wuta ba, ta fara ja da baya tana mayar da ƙananan yara ga littafin takarda da rubutun hannu.

Mu kuwa sai an fara da wutar. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani kowa ya san abin da ke biyo baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun kawo sauƙi a birane, amma makarantun ƙauye da dama ko waya ba a ja musu ba. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa, ga ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa. Tsohuwar kwamfutar tebur da wata ƙungiya ta kwaso daga ofisoshin Turai, mai fanka a ciki, mai shan wuta, ba ta daɗewa a irin wannan ɗaki. Saboda haka sharaɗin farko ga duk kayan da za a kawo ajin SIL shi ne ya yi aiki ba intanet, ya kuma rayu da ɗan faifan sola. Na'urar da ta cika wannan sharaɗi tuni tana cikin makarantar: wayar Android ce da ke aljihun malami.

A ganina nan ya kamata a fara, kuma abin da ya fi kowane amfani da za a ciro daga wayar shi ne littattafai. Akwai rumbunan labaran yara na kyauta da mutane da yawa ba su san da su ba. African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana da labarai masu hotuna da harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa da Fulatanci, ga kuma Faransanci. StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, tun 2015, shi ma haka, kuma ya jera littattafan bisa matakin mai karatu. Sai Bloom, na ƙungiyar SIL Global (sunanta kawai ya zo ɗaya da na ajin, ba abin da ya haɗa su), wanda ke ba malami damar ɗaukar littafi mai hotuna ya cire rubutun ya sa nasa da kowane harshe. Lasisin yawancin littattafan nan ya halatta a sauke, a fassara, a buga, a raba, ba a biyan ko sisi.

Ga yadda abin yake a aikace. Malama ta sauke labari mai shafi goma sha biyu da dare, lokacin da data ta fi araha. Kowane shafi hoto ɗaya ne da jimla ɗaya. Ta kai wa mai fotokofi a bakin kasuwa, a buga shafi biyu a fuskar takarda ɗaya, a ninke, a ɗinke tsakiya da zare. Kwafi ashirin sun ishi aji idan yara suka zauna biyar-biyar. Ranar Litinin ta ba da labarin da baki, da harshen da yaran ke ji, ko ta sa wani yaron CM2 ya ba da idan ita ba ta iya ba. Talata ta karanta shi da Faransanci suna bin hotunan. Laraba su nemo duk kalmar da ta fara da harafin makon su kewaye ta da yatsa. Kafin Juma'a yaro ya riƙe littafi a hannunsa, ya san inda ake farawa, ya san cewa baƙaƙen nan labarin akuyar da ya ji ne suke ɗauke da shi. A duk wannan ba yaron da ya kalli fuskar waya, amma ba don intanet ba da littafin bai zo ba.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma duk wanda ya koyar da ɗan Hausa Faransanci ya san shi. Yawancin littattafan Hausa da ke rumbunan nan da rubutun bokon Najeriya aka yi su, kuma haruffan ba aiki ɗaya suke yi a harsunan biyu ba. Harafin c na "ci" da "ciki" ba shi ne c na Faransanci ba, wanda wani lokaci k ne wani lokaci s. Sautin da Bahaushe ke rubutawa da u, Faransanci da ou yake rubuta shi, nasa u ɗin kuwa sauti ne da babu shi a bakinmu. Idan aka zuba wa yaro rubutun biyu lokaci guda ba bayani, rikicewa zai yi. Shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda ya gwada fara karatu da harshen gida a wasu makarantun Kamaru, ya tsara yadda ake tsallakawa daga wannan rubutu zuwa wancan, kuma a arewa Fulatanci aka zaɓa. Malamin da ke da 'ya'yan Hausawa a aji shi zai yi wa kansa wannan aiki: ya fara da haruffan da suka yi tarayya, irin su a, i, m, l, t, d, ya ajiye masu rigima sai ƙafar yaro ta tsaya.

Wanda zai rubuta nasa littafin kuma zai ci karo da allon madannai na AZERTY, wanda babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ŋ na Fulatanci. A waya Gboard yana da Hausa. A kwamfuta akwai Keyman, kyauta, mai tsarin madannai da aka yi don harsunan Kamaru. Akwai kuma salon haruffa mai suna Andika, wanda aka zana musamman don masu koyon karatu: a ɗinsa da g ɗinsa irin waɗanda ake rubutawa da hannu ne, kuma ba ya barin babban I ya yi kama da ƙaramin l. Ƙaramin abu ne a idon babba, a idon ɗan shekara shida kuwa harafi biyu ne daban.

Bayan littafi sai sauti. 'Yar lasifikar Bluetooth, irin wadda masu shayi ke kunna waƙa da ita, tana iya isar da murya har bencin ƙarshe. Ɗan Hausa yana haɗa p da f, don a harshensa ba sa raba ma'ana, sai ka ji pain da faim sun zama abu ɗaya a bakinsa, burodi da yunwa. Haka v da b. Malami zai iya ɗaukar muryarsa ko ta abokin aikin da ya fi shi lafazi, kalmomi bibbiyu masu kama da juna, ya kunna, yara su ɗaga hannun dama idan sun ji wannan, na hagu idan sun ji wancan. Minti biyar kullum. Kuma makarantunmu suna da wata tsohuwar dabara da ta dace da wannan ƙwarai, wadda ake koyarwa a makarantun horon malamai na ENIEG da sunan La Martinière: a yi tambaya, kowa ya rubuta a ɗan allonsa, malami ya buga tebur, alluna ɗari su tashi sama lokaci guda. Cikin daƙiƙa kaɗan ya ga wanda ya gane da wanda bai gane ba. Abin da manhajoji masu tsada ke alfahari da shi ke nan, kuma allo da alli sun riga su.

Inda Allah ya sa makaranta ta samu kwamfutocin hannu ko na cinya, to akwai abin sa musu. GCompris, wanda Bafaranshe Bruno Coudoin ya fara a shekarar 2000, yana da wasannin koyo fiye da ɗari na yara daga shekara 2 zuwa 10: ƙirga, gane haruffa, jera abubuwa, sarrafa linzami. Yana magana da Faransanci, ba ya neman intanet bayan an sauke shi, ba talla a cikinsa. Tux Paint na zane ne. Kolibri da Kiwix suna mayar da na'ura ɗaya rumbun da sauran ke ɗiba daga gare ta ba tare da an sayi data ba, irin tsarin da gidauniyar Orange ke kai wa wasu makarantu a akwati, da 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da kwamfutocin hannu kusan 50. Sai dai yawancin abin da ke cikin Kiwix, kamar Vikidia, kundin ilimi na yara, na wanda ya riga ya iya karatu ne, ya fi amfanar malami da 'yan CM. ScratchJr kuwa, mai koya wa 'yan shekara 5 zuwa 7 tsara wa kwamfuta umarni, abin sha'awa ne, amma ni ba zan ba shi minti ɗaya daga lokacin karatun yaron da bai gama sanin wasula ba.

Lissafin lokaci ne ke kayar da yawancin irin waɗannan shirye-shirye. A ce aji yana da yara 90, na'urori 15. Idan biyu-biyu za su zauna, rukuni uku ke nan. Kowane rukuni minti 20, awa ɗaya ta tafi, ban da rabawa da karɓa da sasanta waɗanda suka yi faɗa kan wa zai taɓa. Su wa ke riƙe da sauran yara 60 a lokacin? Idan ba a amsa wannan ba tun farko, abin zai tsaya a mako na uku. Makarantun da ke karatun rabin yini, wasu da safe wasu da rana, lokacinsu ma ya fi haka ƙaranci.

Kalmar "kyauta" ita ma a yi mata kallon tsanaki. Manhajoji da yawa na yara da ke Play Store da talla suke ci, kuma tallar da ke faɗo wa waya a ƙasar nan sau da yawa ta cacar ƙwallo ce. Kafin a miƙa wa yaro, a kashe data a gwada: wadda ta ƙi buɗewa ba ta aji ba ce. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar hoton yara ana zubawa a Facebook da zaurukan WhatsApp don a nuna makaranta ta ci gaba, har da sunayensu da makinsu, ba a tambayi iyaye ba, alhali tun 2023 Kamaru tana da dokar kare yara a intanet. Sannan datar da ake sauke kayan da ita daga aljihun wa take fita? An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2000, amma a arewa azuzuwa da yawa suna hannun malaman da iyaye ke biya, waɗanda ɗan abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai ya yi watanni bai zo ba. Ba adalci ba ne a ce su za su ɗauki nauyin. Abin da ya rage musu sauƙi shi ne mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko katin memori a ranar taron malamai.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsoron darakta. Shi ya sa hannu ya karɓi kayan, idan ɗaya ta ɓace ko ta fashe shi za a tambaya. Saboda haka sai ya kulle su a kabad, a fito da su ranar da sufeto ko baƙi za su zo. Ba mugunta ba ce, kare kai ne. Sai an rubuta tun farko cewa fashewa a hannun yaro ba laifin kowa ba ne, an kuma ware kuɗin gyara da na sabon batir, kafin mabuɗin ya fito daga aljihunsa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo, malamai matasa sun fara sa su rubuta musu takardar shirin darasi. Da Faransanci suna rage wahala. Da Hausa ko Fulatanci kuwa sai an bi layi-layi, don suna iya ƙago kalmar da ba wanda ya taɓa ji, ko su kawo misali da tuffa da dusar ƙanƙara ga yaron da ya san mangwaro da gero. A hannun malami suke da wuri, ba a gaban ɗan SIL ba.

Game da tsawon lokacin kallo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana, wanda ya shafi 'yan makarantar reno kai tsaye. 'Yan SIL sun ɗan haura nan, amma yawancinsu a birni suna komawa gida su tarar da wayar uwa ko ta yaya. Kuma hannu yana bukatar alli da fensir: rubutun haɗe da ake koyarwa a littafi mai layukan Seyès (irin na makarantun Faransa) ba ya samuwa ta shafa gilashi da yatsa.

Lokacin korona ya nuna iyakar abin. Da aka rufe makarantu a Maris 2020, darussan da CRTV, tashar rediyo da talabijin ta gwamnati, ta watsa sun fi karkata ga azuzuwan jarrabawa, kuma sai gidan da ke da talabijin da wuta. Ɗan SIL na ƙauye a yankin Mayo-Danay ko Logon-da-Shari ba abin da ya kai gare shi, sai fa inda rediyo ya taimaka.

Ƙungiyar iyayen da ta tara ɗan kuɗi za ta iya gane ko abin da ta saya yana aiki ba tare da jiran wani ƙwararre ba. A farkon zangon karatu a ɗebi yara goma daga CP, ba zaɓin malami ba, a bi rajista a ɗauki kowane na tara. A ba kowanne takarda mai haruffa da gajerun kalmomi, a sa agogon waya minti ɗaya, a ƙirga nawa ya karanta daidai, a rubuta. Ƙarshen zango a sake kiran yaran nan goma da takarda makamanciyarta. Idan makarantar tana da CP biyu, ɗaya da kayan ɗaya babu, a gwada duka biyun, a kawo takardun gaban taron APEE na gaba kafin a yanke shawarar abin da za a ƙara saya.